Jarrabawar lissafi: Turanci zalla ko a haɗa da Hausa?

Malama, kin ce yaranki 'yan aji huɗu a wata firamare ta wajen Wurno suna lissafi da ka kamar 'yan kasuwa, amma da takarda ta zo da Turanci sai su zube. Tambayarki ita ce wanne ya fi adalci, a bar tambayoyin yadda suke ko a fassara musu.

Takardar Turanci zalla tana da nata amfani. Kowane yaro tambaya iri ɗaya ya gani, kuma duk malamin da ya duba, maki iri ɗaya zai bayar. To amma me ta auna? Yaron da ya san "left" da ma'anar hagu tun daga faretin safe, aka ce masa buhun albasa 12 ne, an sayar da 5, "how many are left", ba ragi ne ya kayar da shi ba. Sifirin Turanci ne aka rubuta masa a gidan lissafi.

Fassarar baki a ɗakin jarrabawa kuwa tana buɗe wa yaro hanya, sai dai ba ta zama iri ɗaya. Wannan malami ya ce "saura nawa?", wancan ya ce "ku cire biyar daga sha biyu", ya riga ya ba da rabin amsa. Makin azuzuwan biyu ba sa kwatantuwa. Ga kuma ɗan ruga mai Fulatanci, wanda Hausar ma a kasuwa ya tsince ta.

Ni dai na fi son a rubuta fassarar tun kafin ranar, malamai biyu su duba ta, a buga ta gefe da gefe da Turancin. Kuma ta zama Hausar da yaran ke ji a gida, ko da Sakkwatanci ne, ba ta littafi ba. Kada a ji tsoron hakan zai kashe musu Turanci: a gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, an koyar da yara da Yarbanci shekara 6, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba.

Darasin Turanci kam a bar shi da Turanci. WAEC da NECO ba sa fassara wa kowa lissafi, JAMB ma tambaya 60 take ware wa Turanci. Saboda haka daga aji biyar ki fara janye Hausar kaɗan-kaɗan, ki bar ta a kalmomi masu fuska biyu irin "left" ɗin nan.