Sharhi: Hawan Dutsen Gemi a ƙauyen Amedzofe na ƙasar Gana

Hawan Dutsen Gemi ba shi da wuya, kuma abin da ido zai gani a sama ya ninka ɗan gumin da za a zubar. Sai dai akwai sharaɗi, dole sararin samaniya ya yarda. Wanda ya je lokacin hazo ya yi asarar kuɗin mota, domin ba zai ga komai ba sai farin labule. Da haka na fara saboda shi ne abin da masu tallar wurin ba sa faɗa, kuma shi ne ke raba wanda ya dawo yana yabo da wanda ya dawo yana tsaki.

Amedzofe ƙauye ne a yankin Volta, cikin ƙasar mutanen Avatime, kimanin kilomita 36 arewa da birnin Ho. Yana zaune a kan tsauni kusan mita 700 sama da teku, kuma shi ake ƙirgawa a matsayin gari mafi tudu a duk faɗin Gana. Mutumin Jos zai yi murmushi, tunda garinsu ya haura mita 1,200, amma a ƙasar da yawancinta shimfiɗe take, wannan tsayin ya isa ya sauya iska. Da yamma sai da muka nemi rigunan sanyi.

Mu uku muka je a ƙarshen Oktoba: ni, da ɗan yayata da ke zaune a unguwar Nima ta Akra, da Gwaggona wadda ta haura shekara sittin kuma gwiwa ta daɗe tana damunta. Na ambaci gwiwar ne domin ita ce ma'aunin da zan auna hawan da shi.

Wahalar gaskiya tana kan hanya. Daga Akra muka shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Ho, muka haye gadar Adomi a Atimpoku, aka ci fiye da awa uku a zaune. Daga Ho kuma sai tasi ta haɗaka, ta bi ta Vane, garin da babban sarkin Avatime yake, sannan ta kama hawa. Titin nan murɗe-murɗe ne, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya kwari, direba yana danna ham a kowace kwana. Gwaggo dai carbi ta ciro, ba ta mayar da shi jaka ba sai da muka ga rufin gidaje. Mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, kuma kada ya cika cikinsa a Ho.

A tsakiyar ƙauyen akwai ɗan ofishin karɓar baƙi. Nan ake rubuta suna, a biya, a haɗa ka da ɗan rakiya. Kowane wuri da kuɗinsa: dutsen daban, gangaren ruwan Ote daban, gadar igiya daban, kuma baƙon da ba ɗan ƙasa ba ya fi biya. Kuɗin dutsen bai taka kara ya karya ba, an kuma ba mu rasit ba tare da mun tambaya ba, abin da ya burge ni. A riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu, domin layin waya yana zuwa yana ɗaukewa.

Da farko na ɗauka ɗan rakiyar nan hanyar karɓar kuɗi ce kawai, tunda ga dutsen can ana hangensa daga bakin ofishin, ko yaro ba zai ɓata ba. Har yanzu ina kan cewa ba don nuna hanya ake buƙatarsa ba. Amfaninsa yana sama, inda ƙauyuka suke warwatse a ƙarƙashinka kuma babu allo ko ɗaya da zai gaya maka wanne ne wanne. Namu saurayi ne ɗan garin, sanye da silifas, yana jin Turanci da Ewe da harshensu na Avatime. Da ya lura da tafiyar Gwaggo sai ya shiga gefen gona ya saro mata sanda, ya fere kanta, ya rage saurinsa ba tare da ya nuna cewa don ita ya rage ba. Wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Hanyar tana farawa ne ta cikin gidaje. Lunguna ne masu duwatsu, awaki a kwance a bakin ƙofa, mata suna shanya shinkafa a tabarma, kowa ka wuce sai ya ce maka "woezɔ", wato sannu da zuwa, ka amsa da "yoo". Shinkafar ja ce, irin wadda ake nomawa a jikin tsauni ba a fadama ba, kuma saboda ita Avatime suke yin bikin Amu a watan Nuwamba. Bayan gidajen sai gonakin rogo da ayaba, da 'yan itatuwan koko jefi-jefi. Daga nan itatuwa suka ƙare, aka fita fili, sai ciyawa mai kai wa gwiwa da siririyar turba da ƙafa ta fitar. Ƙarshen ne kawai yake da tsaye sosai, kuma bai fi a yi masa numfashi biyu ba. Duk wanda ya taɓa hawa Dala ya sauko da ƙafarsa zai iya Gemi, sai dai a nan babu matakalar siminti, ƙasa ce da dutse.

Matashi mai lafiya zai kai sama cikin minti ashirin zuwa talatin. Mu da tafiyar Gwaggo mun kusa cinye awa. A tsayawarmu ta ƙarshe ta dube ni tana haki ta ce, "Kai ɗan nan, idan na kai can na tarar babu komai, Allah ya isa kuɗin motata." Ɗan yayata ya ce, "Hajiya, saura ƙiris, ga ƙarfen can." Ta ce ai tun daga ƙasa take jin ƙiris ɗin nan.

Ƙarfen da yake nufi gicciye ne, dogo, ya fi tsayin mutum biyu, an kafa shi a ƙololuwar dutsen a shekarar 1939. 'Yan mishan na Bremen daga Jamus sun zauna a Amedzofe tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba sai an gaya maka dalili ba idan ka sha iskar wurin: sanyi, da nisa daga zazzaɓin bakin teku. A lokacin yankin yana cikin Togo ta Jamusawa, wadda suka riƙe daga 1884 har yaƙin 1914 ya raba su da ita. Wannan ɓangaren ya faɗa hannun Ingila, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1956, ya shiga Gana da samun 'yancin kai a 1957. Abin da mishan suka bari yana nan a fili idan ka leƙa ƙasa: coci, tsofaffin gine-ginen dutse, da kwalejin horon malamai da aka buɗe a 1946. Na san akwai masu karatu da za su tsaya a kan maganar gicciyen. Babu wanda ya nemi mu yi wani abu a gabansa, alama ce ta mutanen gari a kan dutsensu, mu kuma kallon ƙasa ya kai mu.

Saman ba shi da faɗi. Ɗan fili ne mai ciyawa, iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, har sai da na cire hulata na cusa a aljihu. Ta bayanka ga Amedzofe a lafe a kafaɗar tsauni, rufin kwano masu tsatsa a cakuɗe da ganyen ayaba, kana jin carar zakara da ihun 'yan makaranta sarai kamar a bayan katanga. Ta gabanka kuwa ƙasa yankewa take yi gaba ɗaya. Kana taku uku daga inda kake tsaye, sai gangare mai zurfi, daji kore shar a ƙasa, shaho yana shawagi kana kallon bayansa maimakon cikinsa. Ɗan rakiya ya riƙa nuna mana da sandar Gwaggo: ga Biakpa can, ga Gbadzeme, ga Vane inda muka biyo, ga tsaunukan da suka miƙe har iyakar Togo ta gabas.

Ta yamma kuma tafkin Volta ne, dogo, yana ƙyalli a ƙarshen gani. A nan na fi daɗewa. Waɗanda suka jawo ƙarfen nan zuwa sama a 1939 ba su ga wannan ruwan ba, domin babu shi. Sai da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya rufe kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Cikin garuruwan da ruwan ya ci har da tsohuwar Kete-Krachi, can arewa inda ido ba ya kaiwa daga Gemi, wadda zangonta ya kasance matattarar fataken Hausawa masu safarar goro. Da na faɗa wa Gwaggo haka sai ta ce ta sha jin sunan Karaci a bakin tsofaffi tun tana yarinya, ba ta taɓa sanin ruwa ya shafe tsohon garin ba.

Muna cikin haka sai gajimare ya taso daga kwarin. Ba daga sama ya zo ba, daga ƙasa ya hauro, yana bin jikin gangaren. Cikin minti ɗaya Biakpa ta ɓace, tafkin ya ɓace, ko ɗan yayata da ke tsaye kusa da gicciyen sai inuwarsa nake gani, rigata ta yi danshi. Na fara haramar sauka. Ɗan rakiya ya ce mu zauna tukuna. Ba a yi minti goma ba iska ta yage shi, komai ya dawo wurinsa, har ma ya fi fitowa fes. Gwaggo ta yi ta "Subhanallah", kuma ba ta sake tayar da zancen kuɗin mota ba. Don haka kada wanda ya tarar da fari ya juya nan take, a ba shi rabin awa.

Amma gajimare daban, hazo daban. Gajimare wucewa yake yi, hazon hunturu kuwa zama yake yi wata da watanni. Ɗan yayata ya taɓa zuwa a Janairu da abokansa, ya nuna min hotunan: gicciye, su, da farin bango. Daga Disamba zuwa Fabrairu ban ba kowa shawarar zuwa don kallo ba. Tsakiyar damina kuma turbar santsi take yi, ga gajimaren yana iya wuni bai tashi ba. Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma ƙura ba ta iso ba, su ne lokacin.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba kaɗan ne, amma ɗaya babba ne. Babu shinge ko kaɗan a bakin gangaren, kuma ciyawa tana ɓoye ainihin inda ƙasa ta ƙare. Mun tarar da wasu matasa suna ja da baya da baya don hoto ya yi kyau, har sai da ɗan rakiyarmu ya daka musu tsawa. Mai zuwa da yara ya riƙe hannunsu tun daga inda itatuwa suka ƙare. Babu inuwa a sama, babu wurin zama, babu mai sayar da ruwa, babu bayan gida. Ledojin ruwa da baƙi ke yarwa sun fara taruwa a gindin ciyawa, abin haushi. Saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa, nan ne Gwaggo ta fi jin jiki, sai da muka riƙe ta ta gefe biyu a wurin da ya fi tsaye. Takalmi mai riƙe ƙasa ya zama dole, kada silifas ɗin ɗan gari ya ruɗe ka.

Garin na Kiristoci ne, ban ga masallaci ba, don haka sallaya tana cikin jaka. A masaukin da muka kwana sun ba mu baranda da ruwan alwala ba tare da wani dogon bayani ba, ko da yake bargon nasu ya yi wa sanyin daren kaɗan, ruwan wanka kuma kamar ƙanƙara. Batun nama, mun sayo waakye, wato shinkafa da wake, da soyayyen kifi a zangon Ho, muka cike da ayaba da fiya na garin, masu arha da daɗi.

Gangaren ruwan Ote kuwa wani aiki ne daban. Saukarsa tsaye take ƙwarai, dawowar ta fi Gemi wuya nesa ba kusa ba, Gwaggo ko kallon hanyar ba ta yi ba. Mai neman ya gwada ƙarfinsa ya je can, ko ya wuce dutsen Afadjato. Gemi na iyali ne, da dattawa, da wanda bai taɓa hawa dutse ba.

A ganina kuskure ne a taso daga Akra da safe da niyyar komawa a ranar. Za ka isa da tsakar rana, lokacin da zafi ya dusashe nesa, ka hau a gurguje ka sauko kana duban agogo. Gara a kwana, a hau da sanyin safiya ko bayan la'asar. Motocin komawa Ho suna ƙaranci da yamma, direban da ya yi mana alkawarin dawowa ɗaukarmu kuma bai zo ba, wayarsa ma a kashe. A karɓi lambar direba fiye da ɗaya tun a tashar Ho, ko a roƙi mutanen masauki su shirya mota tun da dare.