Man jiƙa baki da na saya a Adum: da dare yana aiki, da rana sai a hankali

Likitar haƙori ce ta rubuta mini shi, wani mai ne mai kauri a cikin kwalbar matsawa irin ta man goge baki, wanda aka yi don masu ƙarancin miyau. A wani kemis a Adum, cikin garin Kumasi, na same shi, bayan na zaga na unguwarmu Aboabo babu. Kuɗinsa ba na wasa ba ne, daga waje ake kawo shi.

Amfaninsa na gaske da dare ne. Nakan matso kaɗan a kan yatsa, in shafa a harshe da dasashi da cikin kumatu kafin in kwanta. A da ina tashi sau da yawa in lalubi ledar ruwa, harshe ya manne da ganɗa kamar an sa masa gam. Yanzu sai kiran sallar asuba. Ko don wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Da rana kuwa ba ya jimawa. Ni da nake karantar da yara a makarantar Islamiyya, kafin mu ƙare aya biyar ya tafi, muryata ta fara shaƙewa. Zaƙinsa ma ya ɗan yi mini yawa, kuma lokacin hunturu ƙarfinsa raguwa yake. Cingam marar sukari mai xylitol (wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari) da kurɓar ruwa a kai a kai sun fi mini shi da rana.

Abin da ya fi man kansa muhimmanci shi ne yadda aka kai ga rubuta shi. Haƙora na je a cike mini, likitar ta ga ramukan duk a gindin haƙori suke, daf da dasashi. Ta ce, "Hajiya, idonki na yi miki kamar da yashi a ciki? Gaɓoɓinki fa, da safe?" Duka biyun na amsa e. Ta tura ni wajen likitan gaɓoɓi, aka auna jini ana neman wasu sinadaran garkuwar jiki da ake kira anti-Ro da anti-La, aka saƙala mini siririyar takarda a fatar ido minti 5 don a ga yawan hawaye. Ciwon Sjögren ne, wanda likitan ido ɗan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933: garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai wa maɓuɓɓugar miyau da ta hawaye hari. Kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne, kuma yakan zo tare da lupus (shi ma wani ciwon garkuwar jiki ne) ko ciwon sanyin gaɓoɓi na rumatoyid.

Shi ya sa ba zan ce kowa ya ruga kemis ba. Ciwon sukari na busar da baki, haka wasu magungunan hawan jini da na mura. Man ba ya warkar da ko ɗaya, ba ya kuma hana haƙori ruɓewa. Wannan aikin man goge baki mai fuloraid ne da zuwa wajen likita akai-akai. Goro dai na rage, da ƙyar. Ruwan kurkure baki mai giya a ciki an hana ni shi gaba ɗaya, ƙara bushewar yake.

Zan sake saya, amma na dare kaɗai. Idan za ku saya, ku duba ranar lalacewarsa a gindin kwalin, don irin kayan nan sukan daɗe a kanta.