Manhajar tsaron da ke min shara ba sallama

Shagona yana bakin titi, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Kwamfuta ɗaya ce, sai firinta da injin fotokwafi, duk a kan sola. Katin ɗaurin aure, takardar sayen gona, jarrabawar 'yan firamare, mu ke bugawa. Ran Alhamis kuwa, da yake kasuwar Maigatari ke ci, ko ruwa da ƙyar nake sha.

Abin da ya sa na sayi manhajar tsaro filash ne. Kowa da nasa yake zuwa, ya shiga kwamfutoci goma kafin ya iso tawa, kuma rabinsu ɗauke suke da cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. A nan, gaskiya, manhajar ta fita kunyata. Wata takwas ke nan ba a sake wanke min kwamfuta ba. Ana soka filash take cafke abin da ke ciki, ba ta kuma cinye min data wajen sabunta kanta. Ba zan kama sunanta ba, don rabin laifin abin da zan faɗa nawa ne.

Tana da wani sashe na shara, wanda ya zo a kunne tun daga kamfani. Duk safiya in na tada kwamfuta sai ta share abin da ke jakar Temp, inda Windows da sauran manhajoji ke jibge fayilolin wucin gadi. Da farko murna na yi. Ma'ajiyata GB 128 ce kacal, sharar farko ta maido min da kusan GB 6.

Sai ranar da sakataren wata ƙungiyar manoman riɗi ya zo. Dattijo ne, abokin mahaifina. An turo masa jerin sunayen mambobi ta imel, a dunƙule cikin zip, yana so a gyara: sunaye 214, da lambar waya, da girman gonar kowa. Na buɗe fayil ɗin kai tsaye daga cikin zip, ban fara kwance shi a wata jaka ba. Muka zauna daga azahar har bayan la'asar, yana karantowa daga wani tsohon littafi mai bangon kwali, yana lasar yatsa yana juya shafi, ina bugawa. Da na zo adanawa aka nemi sabon suna, na ba shi, ban ɗaga ido na duba inda zai sauka ba.

To ashe in ka buɗe fayil daga cikin zip, kwafinsa ake fitarwa a ajiye a Temp, a kan wannan kwafin kake aiki. Nan aikinmu ya kwana. Da safe manhaja ta yi shararta. Ko kwandon shara ba ta jefa shi ba, balle in je in tsinto.

Da hantsi dattijon ya iso a kan babur. Na ce, "Baba, sai haƙuri, aikin jiya ya tafi." Ya dube ni ya dubi kwamfutar, ya ce, "Ɗana, ɓarawo ne ya shigo?" Na ce a'a, mai gadi ne ya share. Bai yi dariya ba. Muka sake zama, ban karɓi ko sisi ba.

Na yarda ni na ajiye kaya a bola. Amma ko yarinya ce ke share tsakar gida ta ga takarda mai rubutu a ƙasa, ai takan ɗaga ta tambaya. Fayil ɗin Word ne, awa goma sha shida da taɓa shi, da sunan da mutum ya raɗa masa da hannunsa. Me zai hana ta tsaya ta ce, in share ko in bari?

Da na shiga saitinta neman mafita, sai da na wuce shafi uku kafin in ga maɓallin, kuma zaɓi biyu ne: kunna ko kashe. Ba inda zan ce kar a taɓa abin da bai kwana bakwai ba. Ba inda zan ware jaka ko nau'in fayil. Bayan shara adadin megabayit kawai take nunawa, ba ta faɗin sunan abin da ta kwashe. Wannan ya fi ci min rai, don ban ma san abin da ta cinye a watannin baya ba.

Abin haushin, Windows 10 da kanta tana da nata sashen shara mai suna Storage Sense, kyauta, kuma ta fi ba mutum ta cewa. Kai za ka zaɓi a yi shara kullum, ko duk mako, ko duk wata, ko sai wuri ya ƙure. Kwandon shara da jakar Downloads kuma kana iya sa musu kwana 1, 14, 30, 60, ko ka ce kar a taɓa su sam. Manhajar da na biya kuɗi ta kasa wannan.

Yanzu na kashe mata shara, na bar ta da gadi, wanda shi ne ta iya. Ran Juma'a da safe, da babu mutane, nakan danna maɓallin Windows da R, in rubuta %temp% don jakar Temp ta buɗe, in jera fayilolin bisa kwanan wata, in share tsofaffin da idona. Yaron shagona, ɗan yayata, na liƙa masa takarda a gefen allo: a kwance zip kafin a buɗe. Jiya ma na ji shi yana cewa, "Kawu, wannan a ina zan adana?"

Lasisin zai ƙare bayan wata huɗu. Saboda filasan Alhamis zan sabunta, amma maɓallin shara a kashe zai zauna har sai ta koyi tambaya.