Kamfanin da ya share mana ciyawar tafki: sun iya yanka, kwashewa ce matsalarsu

Ni hayar kwale-kwale nake bayarwa a bakin wani tafkin shaƙatawa, ina kuma cikin kwamitin da ya sa hannu a kwangilar cire ciyawar da ta nemi cinye shi. Abin da zan faɗa a kan wannan kamfani da idona na gan shi.

Ciyawa biyu ce ta dame mu. A sama akwai kainuwa mai furen shunayya, wadda asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka. Ana cewa kainuwa dashen Allah, amma wannan kam mutane ne suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa don kyan furenta. A ƙarƙashin ruwa kuma akwai hydrilla, mai dogayen rassa da ke naɗe farfelar inji, su riƙe ƙugiyar masu kamun kifi, su kama ƙafar mai iyo. Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro, domin ba a ganinta sai an shiga.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su sauke inji ranar da suka zo ba. Sun zagaya tafkin suna jefa manjagara mai igiya suna duba abin da ta kamo, suka zana taswirar inda kowace ciyawa take da zurfin wurin. Injiniyarsu, wata mata marar yawan magana, ta gaya mana gaskiyar da ɗan kwangila bai cika faɗa ba: inji ya dace da kainuwa, amma hydrilla daga gutsure take yaɗuwa, kowane guntun da ya kuɓuce zai iya yin saiwa a wani wuri. Saboda haka suka kewaye inda suke aiki da raga mai yawo a kan ruwa, ƙaramin jirgi na bin baya yana tsince gutsattsarin.

Injin kansa jirgi ne mai faɗi, da wuƙaƙe a gaba da bel da ke jawo ciyawar zuwa cikinsa. Tafiyar hawainiya yake yi. Kainuwa kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, don haka nan da nan jirgin ke cika, kuma yawancin lokacin a kai-komo tsakanin tsakiyar tafki da gaɓa yake ƙarewa. Direban ya san aikinsa. Bai taɓa mana gadar katako ko igiyar jirgi ba, ya kuma bar badon da muka ce a bari, inda ƙananan kifi ke fakewa.

A kan feshi ne aka yi ja-in-ja. Wasu 'yan kwamiti sun so a feshe tafkin gaba ɗaya a huta. Injiniyar ta ƙi. Ta ce ciyawa mai yawa idan ta mutu lokaci guda nutsewa take yi ta ruɓe, ruɓewar ta zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwa, a wayi gari kifi na yawo ciki sama, musamman lokacin zafi. Sun yi amfani da maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D a lungunan da inji ba ya shiga kawai, sashe-sashe, da tazara tsakani, suka kafa alluna masu nuna ranar feshi da ranar da za a iya komawa ruwa. Ban ga mataccen kifi ba. Wannan kaɗai ya isa in yaba musu.

Inda suka ba ni haushi a gaɓa ne. Tulin ciyawar da aka sauke ya daɗe yana jiran tifa, har ya fara wari ya tara ƙuda, daidai inda iyalai ke shimfiɗa tabarma. Da aka yi ruwan sama, wani ɓangarensa ya gangara ya koma tafkin, baƙin ruwan da ke tsiyaya daga tulin kuma taki ne ga ciyawar da ta rage. Ka kira ofishinsu a ce motar na hanya. Kwastomomina da dama sun juya saboda warin. Sai kuma wuraren da ruwa bai kai gwiwa ba: inji ba ya isa can, cirewa da hannu kuma ashe wani lissafi ne daban da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarshen takarda.

Kada kowa ya ɗauka sharewa ɗaya ta gama magana. Idan yanayi ya yi mata daɗi, kainuwa na iya ninka kanta cikin kusan mako biyu, irinta kuma na iya kwana cikin laka sama da shekara 20 yana jira. Na tambaye su game da ƙwaron Neochetina da aka saki a Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1990, wanda ya taimaka wajen rage kainuwa a can. Suka ce ba layinsu ba ne, sai da izinin hukuma, kuma shekaru yake ɗauka kafin a ga aikinsa. Kifin nan mai cin ciyawa, giras kaf, yana cin hydrilla sosai, amma ba ya zaɓe, kuma in ka zuba shi fitar da shi wuya. Rahotonsu na ƙarshe ya nuna magudanan da ke kwararo takin gona da ƙazanta cikin tafkin, ya ba da shawarar a riƙa wanke jirage da tirelolinsu a bar su su bushe kafin a saka su ruwa, don kada su shigo da gutsattsarin ciyawa. Wannan aikinmu ne mu 'yan kwamiti, kuma har yanzu muna jan ƙafa.

Zan sake ba su aikin, amma da sharaɗi a rubuce: a kwashe tuli ranar da aka yanka, a haɗa aikin hannu na bakin gaɓa cikin jimlar farko, su kuma riƙa dawowa duba tafkin a kai a kai muddin ana zafi, kuma ba za a biya kashin ƙarshe na kuɗinsu ba sai tifa ta ɗauke lodin ƙarshe.