Littafin Wa Za A Fara Saya Cikin Marubutan Amurka na Farkon Ƙarni na 20?

Wanda kuɗinsa ba su wuce na littafi ɗaya ko biyu ba, ya kamata ya auna ƙarfin Turancinsa tukuna kafin shaharar marubuci ta ja shi. Idan Turancin bai nuna sosai ba, Ernest Hemingway ya fi dacewa, domin aikin jarida ya fara yi, kuma jimlolinsa gajeru ne. A Farewell to Arms, wanda ya fito a 1929, labari ne na direban motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a fagen daga na Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aikin da shi kansa ya yi a 1918. Sai dai yakan ɓoye abin da ke zukatan mutanensa, don haka mai gaggawa zai wuce ma'ana bai sani ba.

The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, na 1925, babi tara ne kacal, amma harshensa yana da ado, kuma sai da ƙamus a kusa. William Faulkner kuwa ban ba kowa shawarar farawa da shi ba, duk da kyautar Nobel ta 1949 da ya samu, saboda The Sound and the Fury yana buɗewa ne da muryar mutum mai naƙasar ƙwaƙwalwa, wanda jiya da yau suke cakuɗe a bakinsa. Mai son sa ya nemi bugun kamfanin ɗab'i na Norton mai sharhi, ko da ya fi tsada.

A ganina, littafi na biyu ya zama The Souls of Black Folk na W. E. B. Du Bois, maƙalun 1903 kan rayuwar baƙaƙen fata bayan soke bauta, domin yana nuna Amurkar da su Fitzgerald ba su cika kallo ba. Marubucin ya rasu a Akra ta ƙasar Gana a 1963.

Haƙƙin mallakar littattafan nan huɗu ya ƙare a Amurka, shi ya sa bugu masu araha suka yi yawa, wasu da ƙananan haruffa da kurakurai, wasu ma an taƙaita su. Mai saye ya duba sunan kamfanin ɗab'i, irin su Penguin ko Oxford, ya kuma karanta shafukan farko kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg kafin ya biya.