Na sake karanta Alhaki Kuykuyo Ne, wannan karon ina uwa

Karon farko da na karanta Alhaki Kuykuyo Ne ina aji uku a ƙaramar sakandare. Hayarsa muka karɓo ni da wata ƙawata a wurin mai ba da hayar littattafai na bakin layinmu, muka raba kuɗin biyu. Kwana biyu aka ba mu, ni a dare ɗaya na gama, a ɗakin girki, da fitilar ƙwai, saboda matar babanmu ba ta son ganin littafin Hausa a hannuna. Watan jiya na ci karo da tsohon kwafi a wurin wani dattijo mai sayar da littattafai a kasuwa, bangon duk ya sha gam, takardun sun yi ja. Ban ko yi ciniki ba na biya. Yanzu ina da 'ya'ya huɗu na kaina, kuma abin da na gani a cikinsa ya fi wanda na gani a wancan daren yawa.

Ga wanda bai sani ba, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce ta rubuta shi, ya fito a 1990, shekara uku bayan littafinta na farko, Budurwar Zuciya. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren ya mutu, sai daga baya ta koma karatu ta makarantar yaƙi da jahilci. Ana jin haka a alƙalaminta. Ba ta rubuta saki kamar wadda aka ba labari.

Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfa a Sabon Gari. 'Ya'yansu tara. Yana da hali, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya kai gidan ko'ina, sauran yana ƙarewa a wajen matan banza. Daga nan ya auro Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta, rigima ta tashi tsakanin uwargida da amarya, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. Babbar 'yarta Saudatu ta samu miji mai arziki, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa rumfa, Delu ta juya masa baya, duniya ta yi masa zafi.

Abin da na fi yaba wa littafin shi ne lissafin gida. Marubuciyar ta san abin da ake nufi da a miƙa wa mace kuɗin da bai isa ba a fice, a bar ta da tukunya da bakuna tara. Ba ta yi dogon wa'azi a kai ba, ta bar ka ka gani. Hausarta irin ta tsakar gida ce, gajerun jimloli, faɗa ya zama faɗa, gori ya zama gori. Mutum zai iya karanta shi tsakanin la'asar da isha'i.

Amma abin da ya hana ni barci ina yarinya, kuma ya sake hana ni yanzu, daban ne. Ni sha'awar 'ya'yan Rabi na yi. An kore su, gaskiya ne, sun sha wahala, amma tare da uwarsu aka kore su. A gidanmu akasin haka aka yi. Ina da shekara 7 aka saki Innarmu, aka ce ta tafi da kayan ɗakinta da goyon da ke bayanta, ni da ƙanwata mu zauna. Shi ma goyon, ranar da aka yaye shi kawunmu ya je da babur ya ɗauko shi, aka miƙa wa kakarmu ta wajen uba. Har yau ina tuna rigar da ke jikinsa, da yadda ya kwana uku yana neman nono a jikin tsohuwar da ba ta da shi.

Inna ba ta da izinin shiga gidan, don haka makaranta take zuwa. Duk ranar Alhamis, lokacin tara, za mu hango ta a gindin darbejiyar da ke bayan katanga, da ɗan kwanon sha a ɗaure cikin ƙyalle. Wani lokaci ɗanwake ne, wani lokaci dambu. Ba ta kiran sunana saboda ni ce 'yar fari, sai dai ta ce, "Ke, zo nan in ga kanki." Ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta ta tsefe kitson da ya yi wata guda, ta yi min kalaba huɗu da sauri kafin a buga ƙararrawa, tana yi tana duba hanya. Idan mun koma gida aka ga sabon kitso, an san inda aka samo shi, kuma akwai hukuncinsa. Duk da haka ban taɓa ce mata ta daina ba.

Shi ya sa da na karanta yadda Alhaji Abdu ya watsar da nasa, na ga shi da babanmu, Allah ya jiƙansa, hanya biyu suka bi zuwa wuri ɗaya. Wani yana tura wa mace 'ya'ya don nauyin ya karya ta, wani yana ƙwace su don kewar ta karya ta. A duka biyun fushin da ake yi da uwa ne ake saukewa a kan yara. Littafin ya nuna ta farkon sosai. Ta biyun, wadda a ganina ta fi yawa a unguwanninmu, ba ita ce gabansa ba, kuma ban riƙe shi da laifi a kan haka ba. Labarin Rabi ya zo bayarwa.

Abin da ya fi ci min rai sai da na girma na shiga islamiyya na gane shi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, an faɗa a fili: bayan saki, riƙon yaro na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har a yi mata aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma wajen kaka, sannan 'yar uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora masa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta hana a fitar da mace daga ɗakinta tana cikin idda. Wato Rabi ba alfarma aka yi mata da aka bar mata yara ba, haƙƙinta ne, kuma abincin da take sayarwa don ta ciyar da su bashi ne a wuyan Alhaji Abdu. Innarmu kuwa shekara uku ta yi tana zawarci, tana korar manema, tana jiran ko za a tausaya a ba ta ko da ɗaya. Babu wanda ya gaya mata tana da abin da za ta kai gaban alƙali. Ko an gaya mata ma, mahaifinta ba zai yarda a ce 'yarsa ta kai uban 'ya'yanta kotu ba.

Na ba mutum uku aron kwafin nan, kowa da abin da ya dawo da shi. Wani malami da muke koyarwa tare ya ce an yi wa maza rashin adalci, an ɗauko mafi lalacewa an ce ga mijin Bahaushiya. Na ce masa, "Malam, ai Alhaji Abubakar ma namiji ne, kuma an nuna shi da mutunci." Ya yarda da wannan, amma ya tsaya a kan cewa ba a shiga zuciyar Alhaji Abdu ba. A nan ina ganin yana da 'yar gaskiya. Mun ga abin da ya aikata, ba mu ga daren da ya kwanta ya tuna yana da 'ya'ya a wani wuri ba, in ma ya taɓa tunawa. Ita ma Delu an tara mata baƙin hali har ba a bar mata ƙofar da mai karatu zai tambayi abin da ya jefa ta wannan rayuwa ba.

Ƙanwar mijina, wadda ba ta yi aure ba tukuna, ɓangaren Saudatu ya tafi da ita. Ta ce, "Anti, ni dai irin wannan mijin nake roƙo." Ban ga laifinta ba, ina shekarunta ni ma nan na fi maimaitawa. Yanzu kuwa shi ne wurin da ya fi yi min rauni. Soyayyar tana da daɗi, akwai kunya da kawaici, amma ta zo da sauƙi da yawa, kuma ta zama tsanin da gidan ya taka ya fita daga ƙunci. Zawarawa nawa ne 'yarsu ta fari za ta haɗu da attajiri mai kirki? Na fi son Rabi a bakin murhu, hayaƙi na shiga idonta, tana ƙirga cinikin yini.

Ta ukun maƙwabciyata ce, bazawara mai yara biyar, tana soya awara a ƙofar gida. Ita ƙarshen ne ya ɓata mata rai, har ta ce da ta sani da ta tsaya a gobarar. Don bayan duk abin da ya faru, da Alhaji Abdu ya tsiyace, maza na dangi suka taru a kan Rabi sai da aka yi kome. Maganganun da ake faɗa a irin wannan zama duk mun san su: uban 'ya'yanki ne, ki rufa masa asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maƙwabciyata ta ce, "Maman Abba, lokacin da take fama ita kaɗai ina waɗannan bakunan suke?"

Ni ma ina yarinya na ji haushin wannan ƙarshe, na ga kamar marubuciyar ta ci amanar Rabi. A wannan karatun na sauya ra'ayi. Ba na jin daɗinsa har yanzu, amma na yarda da shi, domin haka ake yi. Yaran da aka watsar ba a waiwaya ba, su ne ake ɗaukowa a kafa hujja da su ranar da ake son mace ta koma. Da an rubuta cewa Rabi ta ƙi, ta ci gaba da rayuwarta cikin jin daɗi, da na rufe littafin ina murmushi na manta da shi a mako guda. Wannan kuwa ya bi ni fiye da shekara 20. Kuma Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke da sana'a, ita ke riƙe da gida.

Wanda ke neman soyayya zalla, ta kalamai da kyaututtuka, zai samu kaɗan a nan. Wanda ke shirin rubuta takardar saki, da wadda aka miƙa wa, da duk wanda ya tashi a hannun matar uba ko ya yi zaman agola, su nake so su neme shi. Samunsa da Hausa yana da wuya yanzu, sai an bi masu tsofaffin littattafai, kuma ya kamata a sake buga shi da takarda mai kyau.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi da shi gidan Inna. Ba ta karatun boko, idonta ma ya yi rauni, don haka na zauna a bakin katifarta ina karanta mata tana jan carbi. Da muka zo wurin korar ta ɗaga min hannu.

"Ke, tsaya. Yaran duka ya bar mata?"

Na ce, "Duka, Inna."

"Har ƙaramin?"

"Har shi."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, carbin ya tsaya a hannunta. Can ta gyara mayafinta ta ce in ci gaba daga inda na tsaya.