Fastar takarar kansila: bugun injin Kord na da sauƙi, amma sai da sa ido

Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma wasu daga cikin waɗanda suka zama ciyaman ko ɗan majalisar jiha daga kujerar kansila suka fara. Da zarar hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta sa ranar zaɓe, ƙananan maɗaba'o'i sai su cika da aikin fasta. Akasarinsu da tsohon injin Heidelberg Kord suke bugawa, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi aikinsa ya biya kuɗinsa, in dai an tsaya a kai.

Injin launi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Fasta mai kala sai ta bi ta cikinsa sau huɗu, da faranti huɗu, wato fallen ƙarfe da ake ɗora zanen fasta a kai, kowane launi da nasa: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi. Nan matsalar take. Takarda ta ɗan goce a zagaye ɗaya, sai ka ga idon ɗan takara ya zama biyu, hularsa ta yi inuwa. Kada a yarda a ci gaba da bugu sai an ɗauki takardun farko an fita da su rana an duba gefen fuska da rubutun suna. Ma'aikaci mai gaggawa kuma kan tara su tawada ba ta bushe ba, bayan kowace ya kwashi dattin ta ƙasa.

Rabin ɓarnar ma daga masu kawo aikin take. Hoton da aka tura ta WhatsApp an matse shi, in aka buɗa shi zuwa girman A2, santimita 42 da kusan 60, sai fuska ta farfashe. A kai asalin hoton a filashi. Launin da ke kan allon kwamfuta ma ba shi zai fito a takarda ba, kore musamman yakan dushe.

Takarda mai sheƙi ta giram 115 ta isa bango. Mai kauri ba ta shan sitaci, kwana biyu ta ɓanɓare.

Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 200 ko 2,000, don haka injin sai daga rim biyu, wato kwafi 1,000, yake da riba. Ƙasa da haka a nemi bugun dijital.

Inda masu zanen maɗaba'a suka fi cutar ɗan takara shi ne tambarin jam'iyya. Sai su cika fasta da hoton gwamna da na uban gida, su matse tambarin a lungu. Alhali a takardar ƙuri'a ba hoton kowa, tambari ne tsohuwa za ta nema ta dangwala. A ce su ƙara masa girma, a sa sunan mazaɓa ƙarƙashinsa, sannan a karanta sunan ɗan takara harafi-harafi kafin a yi faranti, domin bayan nan kowane gyara sabon faranti ne da sabon kuɗi.